Inna ta juya fuska bango, ba ci ba magana: ku ba ni shawara

'Yar Birni:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Innarmu ce, ta haura shekara 70, ta daɗe da ciwon sukari da tansiyo, to cikin hunturun da ya wuce ɓarin jikinta na hagu ya shanye, muka yi jinya a asibiti aka sallame mu da ordonans da ranar randebu. Ta fannin awo komai lafiya lau, tansiyo in an gwada 13/8, sukari ya sauka, lokotoro da ya duba karne cewa ya yi a ci gaba a haka. Amma ni da nake kallonta kullum na san Inna ba lafiya ba. Ta juya fuska bango, abinci sai an yi ta roƙo ta yi loma biyu ta ture kwano, magani sai da lallashi, in ka matsa mata ta ce ku bar ni na zame muku kaya. Matar da ta yi shekara da shekaru tana saida daddawa da kayan miya a Kasuwar Dole, ita ke riƙe adashin unguwa, in an haihu ita ake kira wankan jego, yau ko sunan jikokinta ba ta kira. Me ya rage mu yi?

Autan Hajiya:
Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Sannunku da jinya.

Maman 'Yan Biyu:
Wayyo Allah sarki Inna. Allah ya ƙara sauƙi yaya.

Majo Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata, sannu da ƙoƙari. Kafin komai, wane maganin sukari take sha? Duba kwalin ki rubuto mini sunan yanzu, wannan ba ta jira. Sannan ki faɗa mini, wane ɗaki take kwana, wa ke gyara ta in ta yi fitsari ko bayan gida, tana salla, in ta sha ruwa tana ƙwarewa ko tari, yaushe rabonta da bayan gida, kuma abincinta ɗaya ne da na gida ko daban ake yi mata.

'Yar Birni:
Baba Majo na duba, glibenclamide ne safe da yamma, sai amlodipine na tansiyo da aspirine ƙarama. Ɗaki kuwa mun maida ta na ƙurya can bayan gida don kar yara su dame ta da hayaniya, 'yan dubiya ma mun rage su saboda ta samu hutu. Matar yayana ce ke gyara ta don ni ina gidan mijina sai da rana nake zuwa. Salla ta daina tun da muka dawo, wai jikinta ba tsarki fitsari na zubo mata. Ruwa kam tana ƙwarewa sosai. Abincinta daban ne, ba gishiri ba magi ba mai, kamar yadda aka ce mana. Bayan gida ban ma tambaya ba wlh.

Majo Mai Ritaya:
To bari mu fara da mai gaggawa. Glibenclamide aikinsa sauke sukari ne ko mutum ya ci ko bai ci ba, kuma yana daɗewa a jikin tsoho musamman in ƙoda ta fara rauni. Tsohuwar da ke loma biyu tana shan shi safe da yamma tana cikin haɗarin sukarinta ya faɗi ƙasa, abin da ke iya kashe mutum cikin barci tun kafin hawan sukari ya yi masa komai. Kar ki jira ranar randebu, gobe ki koma wajen lokotoron ki gaya masa a fili cewa ba ta cin abinci, shi zai rage ko ya canza. Daren yau in ba ta ci ba kar a ɗura mata shi. In kun ga zufa, rawar jiki, magana ba kan gado ko barcin da ba a iya tada ta, a gwada sukarin, ƙasa da 0,70 faɗuwa ce, in tana iya haɗiya a ba ta sukari a ɗan kunu, in ba ta iyawa kar a zuba mata komai a baki, asibiti kai tsaye. Wata kila ma wani ɓangare na shirun nan da kike gani daga nan yake.

Sauran kuwa, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa don na san da kyakkyawar niyya kuka yi. Kun ɗauke ta daga tsakar gida, kun tsare mata mutane, kun raba ta da tukunyar gida, sallarta ta tsaya, surukarta ke ganin tsiraicinta. Dubi abin da ya rage mata. Lokacin da muke karatu a ENSP, makarantar horar da ma'aikatan lafiya, nan Damagaram, darasin farko da aka cusa mana shi ne buƙatu 14 na Virginia Henderson, wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Amurka. Akwai numfashi, ci da sha, fitsari da bayan gida, motsi, barci, sutura, tsabta da sauransu, amma na ƙarshe-ƙarshen su ne mutum ya yi magana da mutane, ya yi ibada yadda ya yi imani, ya yi wani aiki da zai ji yana da amfani, ya samu nishaɗi, ya koyi abu. Duk a jeri guda suke da numfashi. Na yi aiki daga Mirya har Tanut, na ga tsofaffi da yawa da awonsu ya yi kyau a takarda suka ci gaba da narkewa a gida saboda waɗannan na ƙarshen babu mai dubawa.

Ku fito da ita. Da safe kafin rana ta yi zafi a zaunar da ita a inuwa inda take ganin murhu da ƙofar gida, a tokare ɓarin hagun da matashi. A ajiye mata faifai a cinya ta tsinci wake ko zogale da hannun daman. Littafin adashin nan a maido mata, ko ba ita za ta riƙe kuɗin ba a dinga zuwa ana tambayarta wa ke da ɗauka. Mai girki ta kawo mata miya ta ɗanɗana ta ce daddawa ta ji ko ba ta ji ba, ai sana'arta ce. Jikoki su dame ta, damun nan magani ne. Kuma ki gaya wa lokotoron maganar "na zame muku kaya" yadda ta faɗe ta, don kusan mutum 1 cikin 3 da suka yi shanyewar ɓarin jiki suna faɗawa ciwon damuwa, ciwo ne da ake magani ba rashin tawakkali ba.

Ɗan Garin Malam:
Baba Majo Allah ya saka da alheri. Bari in sa baki a kan sallar don ita ta fi tsaya mini a rai. Ƙanwata ki gaya wa Inna sallarta ba ta faɗi ba kuma Allah bai ƙuntata mata ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini yana cikin Buhari, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda fitsari ke zubo masa ba da ikonsa ba, in abin ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, wannan zubowar ba ta warware masa alwala. In ruwa zai wahalar da ita ta yi taimama, a ajiye mata dutse mai tsabta kusa da hannunta na dama. A gyara shimfiɗar ta fuskanci gabas tun yanzu don kar sai an ɗaga ta kowane lokaci. Amma shawarata kar ke ki faɗa mata, tsofaffinmu ba su cika karɓar fatawa daga 'ya'yan cikinsu ba. Ki samo malamar islamiyyarsu ko limamin unguwa da take girmamawa ya zo dubiya ya faɗa mata da bakinsa.

Infirmiye Na Gardi:
Baba Majo da girmamawa, duk abin da ka faɗa gaskiya ne kuma mu ma an koya mana 14 ɗin nan, mun haddace mun rubuta a jarrabawa. Amma dan Allah a faɗi ɗaya gefen. Ni yanzu haka daga gardi na sauko, dare guda ɗakuna cike ga allurai ga sarum da ke ƙarewa ga wanda aka kawo hajaran majaran ga 'yan jinya kowa na jan rigarka, wani lokaci ko safar hannu sai mai jinya ya sayo, yaushe zan zauna in tambayi tsohuwa ko tana salla ko wa ke riƙe mata adashi? Mutane na zaginmu wai ba mu da tausayi, ba su san da yawanmu muna komawa gida da ciwon abin a zuciya ba. Wannan kula ta gaba ɗaya tana son ma'aikata da yawa da lokaci, mu kuwa ba mu da ko ɗaya.

Autan Hajiya:
Gaskiya kam ana ƙoƙari, amma wasunku ma ko kallon mutum ba sa yi. Mu da muka yi jinyar Hajiya akwai wadda kullum sai dai ta ce "mai gado na uku", har muka fita ba ta san sunanta ba.

Majo Mai Ritaya:
Ɗana na gardi, ban musa maka ba ko kaɗan, na yi gardin nan ni kaɗai da fitilar hannu, kuma ƙarancin ma'aikata laifi ne da ba naka ba. Amma ban yarda cewa sai da lokaci mai yawa ba. Kana ɗaura sarum ɗin nan bakinka ba abin da yake yi. "Inna ina kwana, ya jiki, kin ci abinci, wa ke kwana da ke" bai ƙara maka minti ɗaya, kuma amsar da za ta ba ka ita ce za ta nuna maka wannan in an sallame ta lafiya za ta zauna ko sati biyu za a dawo da ita da gyambo a baya. Ka ja zane ka rufe ta kafin ka sa sonde, wato robar fitsari, ka fidda maza daga ɗakin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar sallama, a miƙa wa mutane ordonans a ce "ba gishiri ba sukari" shi kenan. Dubi yarinyar nan, an ba tsohuwa glibenclamide ba wanda ya ce musu in ba ta ci ba ga abin da zai faru. Minti biyar na bayani a ranar nan ya fi allura goma. A ƙasarmu mai jinya na gida shi ne rabin ma'aikatan asibiti, shi ke wanki shi ke juyawa shi ke ciyarwa, to a koya masa tun yana gabanka.

Infirmiye Na Gardi:
Maganar ranar sallama na karɓa Baba, nan kam muna da gyara. Amma ina nan a kan bakana cewa in ba a ƙara ma'aikata ba abin zai tsaya ne a kan halin mutum, mai kirki ya yi marar kirki ya ƙi. Yaya 'Yar Birni ga nawa taimakon a kan ƙwarewar nan, kar ku raina ta, abin da ya bi ta maƙogwaron iska huhu yake sauka ya zama ciwon huhu, yana cikin abin da ya fi dawo mana da masu shanyewar jiki. Kar a taɓa ba ta komai a kwance. A zaunar da ita sosai, haɓa ta ɗan sunkuya, ƙaramin cokali, a sa ta gefen bakin da ke da lafiya, a jira ta haɗiye kafin na gaba. Abu mai kauri kamar kunu ko fura da aka dama da kauri ba sukari ya fi tsinkakken ruwa sauƙin haɗiya. In ta gama ta zauna kamar minti 30 kafin ta kwanta, a duba kuncin hagu don abinci na maƙalewa can ba ta ji, a wanke baki. In zazzaɓi ya zo da tari ko numfashi sama-sama ku taho.

Kuma kar a ja ta da hannun da ya shanye in za a tada ta, kafaɗar na iya gocewa. Ku nemi kine, ma'aikacin lafiya mai motsa gaɓoɓi, ya nuna muku motsin da za ku dinga yi mata kullum.

Hajiyar Sabon Gari:
Ni dai shawarata a haɗa da na gida. Akwai mai magani da ke zuwa ranar Alhamis yana da jiƙo na shanyewar jiki, maƙwabcinmu ya sha ya tashi. A yi mata rubutu kuma, don wani abin ba na asibiti ba ne, tsohuwa ta juya bango ta daina salla haka kawai ai da alamar tambaya.

Malamin Lise:
Hajiya don Allah a daina wannan. Irin maganar nan ce ke sa a bar maganin likita a koma jiƙe-jiƙe sai ƙoda ta lalace a zo ana neman kuɗin diyaliz, wato wankin ƙoda.

Hajiyar Sabon Gari:
Malam iyayenmu da kakanninmu da me suka rayu kafin a gina asibitin? Ban ce a bar na likita ba, cewa na yi a haɗa.

Majo Mai Ritaya:
Ku tsaya ku biyun. Malam, in ka yi wa mutane tsawa ba dainawa za su yi ba, ɓoye maka za su yi, ni kuwa na fi son a gaya mini me ake ba maras lafiya. Addu'a da tofi da karatu a kusa da ita ba wanda zai hana, in ma hankalinta zai kwanta da shi to yana cikin jinyar. Rubutu in za a ba ta a bi ƙa'idar haɗiyar da aka faɗa a sama. Amma Hajiya jiƙon da ba a san me ke ciki ba ko nawa ne awonsa, ga tsohuwa mai sukari da tansiyo wadda ƙodarta dama tana ɗauke da kaya, wannan ina roƙo a bar shi. Wasu ana zuba musu kanwa, kanwa kuwa ɗan'uwan gishiri ne wajen tada tansiyo. Maƙwabcin naku da ya tashi, da yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi da kansu a watannin farko, musamman in ana motsa su. Haka ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan talla, diclofenac da ibuprofène, tsofaffi na shan su kamar gyaɗa saboda ciwon gwiwa, suna cin ƙoda suna tada tansiyo, ga wadda ke shan aspirine kuma suna iya sa ciki zubar jini.

Batun alamar tambaya kuwa, Hajiya ki yi haƙuri zan yi magana da ƙarfi. Ta faɗi dalilinta da bakinta, tsarki ne. Kuma ko da tsohuwa ta fara ruɗewa tana sambatu tana kiran matattu tana fita da dare, kafin a ce iska ko a ce maita a duba zazzaɓi, ciwon fitsari, ƙarancin ruwa a jiki da sukari, waɗannan na birkita kan tsoho cikin kwana ɗaya kuma suna warkewa. Akwai kuma ciwon mantuwa na tsufa da ke zuwa a hankali. Na ga tsohuwar da unguwa ta ƙaurace wa ana ce mata mayya alhali ƙwaƙwalwa ce ta gaji, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maman 'Yan Biyu:
Ni akwai wadda tun ɗazu nake jira a ambata ba a ambata ba, matar yayan nan. Ni na yi jinyar uwar mijina har Allah ya karɓi abinsa, ban yi da-na-sani ba kuma ina fatan lada, amma wlh ba wanda ya taɓa tambayata ya nawa jikin. Ka tashi tsakar dare ka juya ta ka canza zane, asuba ka bi layin ruwa don kun san halin pampon garin nan in zafi ya zo, ga wanki ga girki ga yara ga ciwon baya, in 'yan'uwan miji sun zo da yamma da ledar lemu abin da za su fara gani shi ne ɗakin na wari. Wata rana sai ka ji ka ɗaga mata murya ba ka sani ba, ka koma bayan ɗaki ka yi kuka. Yaya 'Yar Birni dan Allah ki duba baiwar Allahn nan. Kuma ita Inna kunya ce ke cinta, surukarta fa, wadda a da ko sunanta ba ta iya faɗa a gabanta. Tsohuwa na iya ƙin ci da sha da gangan don kar ta yi abin da za a zo a gyara ta, tawa ta yi haka, sai daga baya na gane.

'Yar Birni:
Innalillahi. Maman 'Yan Biyu kin sa na yi shiru. Tabbas ruwa ma sai ta ce ba ta jin ƙishi, a wannan zafin.

Ɗan Zango A Agadas:
To mu maza da ke nesa me za mu yi? Ni duk wata ina aikawa, ordonans ɗin tsohonmu ni ke saye, kushe na tare fitsari ni ke saye, amma kullum maganar ita ce ba ma zuwa. In na bar aikin na dawo wa zai biya?

Maman 'Yan Biyu:
Yaya ba wanda ya raina kuɗin, in babu su jinyar ba ta yiwuwa. Amma cikin abin da kake aikawa ka taɓa ware wani abu ka ce wannan na mai jinya ne, ko a ɗauki mai wanki, ko a sayi ruwan 'yan garuwa? Ka taɓa kira ka ce a ba ni ita in yi mata sannu? Kuma mazan da ke cikin gari fa, ɗaga tsoho da kai shi bayi ai ƙarfin namiji yake so, in tsohon namiji ne ma ɗansa ya fi dacewa ya wanke shi ba matar ɗa ba.

Ɗan Zango A Agadas:
Na ji wannan. Yau da dare zan kira gida.

Ɗan Garin Malam:
Kuma a sani wajibin na 'ya'yan ciki ne, ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko "uf" in sun tsufa da 'ya'ya take magana. Abin da matar ɗa ta yi kyautatawa ce da ya kamata a gode mata, ba bashi ba ne a kanta.

Majo Mai Ritaya:
'Yata ku zauna ku 'ya'yanta ku raba kwana, a rubuta a manna, kowa ya san ranarsa. Gyaran jiki in zai yiwu ya koma hannunki da 'yan'uwanki mata, a kuma dinga kai ta bayi ko a ba ta fo a kan lokaci, bayan kowane abinci da kafin barci, ba sai ta ɓata ba, da yawa suna dawo da riƙewa ta haka. Ki tambayi bayan gidan nan, tsoho in ya kwana uku huɗu bai yi ba cin abinci na fita ransa.

Sai fata. Duk wanda ba ya juya kansa a juya shi kamar kowane awa 2, dama, baya, hagu. Kullum wajen wanka a duba ƙugu ta baya, ɗuwawu, ƙashin kwankwaso da dugadugai. A baƙar fata ba ja za ki gani ba, wurin zai fi sauran duhu ko ya yi zafi ko tauri, in kin ga haka kar a murza shi, a ɗauke nauyi daga kansa. Matashi a ƙarƙashin sangali don dugadugai su tashi daga katifa. Ledar da ake shimfiɗawa kar ta taɓa fata, a ɗora zanen auduga a kai, don a zafin Afrilu da Mayu leda da zufa da fitsari kwana kaɗan suke buɗe gyambo, gyambon mai sukari kuwa kin san ba ya jin magani da wuri. Man kaɗe a busassun wurare, ban da tsakanin yatsun ƙafa, can a bar shi a bushe.

Abinci kuma ku daina yi mata tukunyar marayu. Ba a ce babu gishiri sam ba, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi ƙasa da giram 5 a yini ga babban mutum, wajen ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin magi. A rage a tukunyar gida gaba ɗaya, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, kowa ya ci iri ɗaya, ku ma 'ya'yan mai tansiyo ne ai. Tuwon gero da miyar kuka mai laushi, wake da ya dahu ya farfashe, ƙwai, nono, kaɗan-kaɗan sau da yawa. A shekarunta rama ta fi ɗan hawan sukari haɗari. Kuma ta ci cikin mutane.

'Yar Birni:
Jama'a na dawo. Lokotoro ya tsaida glibenclamide ya ce a yi analiz na ƙoda kafin ya sa wani, ya ce gara da muka zo. Mun fito da ita tsakar gida, ranar farko ta ce a maida ta ɗaki mutane na kallonta, mun maida ta, washegari ta ɗan jima. Malamarsu ta zo, jiya ta yi magariba a zaune. Ci dai har yanzu da sauƙi-sauƙi. Kuma na samu wuri mai duhu a dugadugin hagu, mun ɗaga ƙafar. Rabon kwanan ne bai yiwu ba tukuna, ƙanena ya ce shi aiki ya yi masa yawa, yayarmu ta Magarya kuma sai bayan sati biyu.

Infirmiye Na Gardi:
Dugadugin nan ki nuna shi a CSI, ƙaramin asibiti, mafi kusa da ku ko bai fashe ba, kar a sa masa toka ko garin kafso. Kuma ki ci gaba da gwada sukari safe da yamma kwanakin nan tunda an tsaida magani, ki rubuta a karne ki tafi da shi.

Autan Hajiya:
Baba Majo ni ma ga tawa tunda ana ciki. Kawuna mai insuline ne ya haura 75, ya rantse sai ya yi azumin bana, wai bai taɓa sha ba tun balagarsa. Ga kuran da ke ɗaukewa frigo ba ya riƙe sanyi.

Majo Mai Ritaya:
Insuline ɗin da ake amfani da shi a sa kwalbar a ƙaramin gwangwani mai murfi a ajiye cikin tukunyar ƙasa da jiƙaƙƙen yashi a inuwa, kar ruwa ya shiga, kar rana ta taɓa shi, kar kuma a sa shi wajen ƙanƙara. Azumi kuwa tsoho mai insuline a zafin nan yana cikin waɗanda likitoci ke hanawa, amma ku kai shi tun kafin wata ya kama lokotoro ya faɗa masa da kansa, ku tafi da karnen awonsa.

Ɗan Garin Malam:
Sannan ku kawo shi wajen malamin da yake ji da shi a karanta masa aya ta 184 a Baƙara. Mai ciwon da ba a sa ran rabuwa da shi ya sha ya ciyar da miskini a madadin kowace rana, mudun Annabi na abincin gari. Ku bar shi ya auna geron da hannunsa ya kuma zaɓi gidan da za a kai.